Malam, ga yadda za ka ja ɗalibai a jiki tun kafin fom ɗin auna malamai ya iso

Duk ƙarshen semista in aka raba wa ɗalibai fom su auna malami, wallahi yadda ka ɗauke su ne yake fara faɗo musu a rai kafin zurfin karatunka. Akwai wani bincike da aka buga a Amurka a 1973, aka ɗauko ɗan wasan kwaikwayo aka ce masa Dakta Fox, ya yi lakca mai daɗin ji amma babu komai a cikinta, kuma masu ilimi suka yaba masa. Abin yana ci min rai, don malamin kirki mai ɗaure fuska sai ya sha ƙasa a banza.

To fara da sunaye. Ajin 'yan lebul 100, wato 'yan shekarar farko a jami'a, ba za ka haddace kowa ba, amma riƙe goma a satin farko, ka ce "Malama Zainab me kika gani?" ka ga yadda aji zai farfaɗo.

Sai lokaci. Yaron da ya taso daga Kurna ko Hotoro, ya hau A Daidaita Sahu biyu, ya sha gosulo a Kabuga don ya kama lakcar ƙarfe 8 a New Site, sabon matsugunin Jami'ar Bayero Kano, ya zo ya zauna awa guda a cikin zafin Afrilu sannan kilas ref, wato wakilin aji, ya ce malam ba zai zo ba, wannan yaron ba zai manta ba ranar cike fom. In uzuri ya taso ka sanar a gurup ɗin WhatsApp tun dare.

In ɗalibi ya yi tambayar da kake ganin shirme ce kar ka yarfa shi, ka ce ya sake faɗa da ƙarfi, ka amsa wa aji gaba ɗaya, don rabinsu abin da ke ransu kenan kunya ce ta hana su.

Mayar musu da takardun tes ɗinsu kafin jarrabawa, kowa ya ga makin CA ɗinsa, wato makin tes da ayyukan cikin semista, da inda ya kuskure. Handawut kuma kar ka ɗaura shi da maki ko kaɗan.

Jan ɗalibai a jiki fa ba rabon maki ba ne, su ma suna gane malamin da ya fara fara'a sati biyu kafin fom. Sa ranar ganin ɗalibai a ofis, ka liƙa a ƙofa, in ɗaliba ta shigo ka bar ƙofar a buɗe.