Yadda na gyara bangon falona

Bayan damina filastar falona ta kumbura daga ƙasa tana zubowa, har farin gishiri ya fito. Na yi faci, ko wata biyu bai yi ba ya ɓalle. Ashe ruwan indararo ne ke jiƙa gindin bangon ta waje, sai na sa bututu ya kai shi kwata.

Muka farfashe tsohuwar har bulo, muka bar bangon ya sha iska mako 3. Magini ya kwaɓa siminti kwano 1, yashi 4, ni kuma ina yayyafa ruwa safe da yamma kwana 7, kada ta tsage.

Katakon gindin bango gara ta cinye shi, na sa tayil. Na bakin ƙofa kafinta ya buga sabo, bayan ya shafe shi da maganin gara.