Kafin ka bar Maraɗi: yadda ofishin jakadancinmu zai iya taimakonka a ƙetare

Ofishin jakadanci ba zai ɗaga maka ko tsinke ba sai ya tabbatar kai ɗan Nijar ne, kuma Hausar bakinka ba ta isa shaida ba. Mutumin Jibiya ta Najeriya da mutumin Ɗan Isa ta Nijar harshensu ɗaya, sau da yawa ma kakansu ɗaya. To ta yaya ma'aikacin da ke zaune a Jidda ko Sabha zai bambance su in ba da takarda ba? Na yi zaman Jidda ina ɗinki, yanzu ina da shagon kwafi da cike takardu a nan Maraɗi. Yawancin iyayen da ke zuwa mini hankali tashe, matsalar ɗansu daga gida ta faro, tun bai hau mota ba.

Ka fara da takardar haihuwa. In ba a yi maka ita a ma'aikatar magajin gari ba, ka tafi kotu da shaidu a yi maka hukuncin da ke maye gurbinta. Da ita ake neman nasiyonalite a kotu da katin ɗan ƙasa a komisariya, sannan a zo kan fasfo, wanda hukumar ƴan sanda ke bayarwa. Ka haɗa da katin allurar shawara. Masu tambaya ko tsohon fasfo mai tambarin CEDEAO ya mutu tunda Nijar ta fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, bai mutu ba. Sanarwar ƙawancen AES na Nijar, Mali da Burkina Faso ta ce yana aiki har wa'adinsa ya ƙare.

Abin da na fi so ka tsaya a kansa shi ne suna. Ka jera takardun nan a tabarma, ka duba harafi bayan harafi. Wani dattijo daga wajen Madarunfa ya taɓa kwance mini ƙullin leda a kan tebur, ɗansa yana tsare a ƙasar Larabawa. Takardar haihuwar gara ta cinye gefenta, an rubuta Mahamadou, a kwafin katin kuma Mamane, shekarar haihuwa ma ta bambanta. Na ce, "Baba, wanne ne a fasfonsa?" Ya ce, "Wallahi ɗana, mu dai Mamman muke ce mishi." A gida duk mutum ɗaya ne, amma a gaban ma'aikacin da bai taɓa ganinsa ba, mutum biyu ne, kuma yaron ya ci gaba da zama a tsare har aka warware. Gyaran irin wannan yana da sauƙi kana Maraɗi, ƙafarka na kai ka kotu.

In sun daidaita, ka yi kwafi biyu. Ɗaya ya zauna gida a akwatin ƙarfe wurin wanda ya iya karatu, ɗaya ka tafi da shi amma kada ka haɗa shi jaka ɗaya da na ainihi. Ka ɗauki hoton kowace takarda da waya, har da shafin biza, ka tura wa ɗan uwa ta WhatsApp, don waya ma ana ƙwace ta.

Akwai maganar da mutanenmu ba su son a taɓa, amma sai na faɗa. Wasu suna tsallakawa Katsina ko Kano su yi fasfon Najeriya, wani lokaci da wani suna, don dillali ya ce ya fi sauri. Ranar da ta ɓaci, hukumar ƙasar da kake tana kallonka da takardar da ka shigo da ita. Ofishinmu zai sha wuyar tsaya maka, iyayenka kuma suna nan suna kai kuka Yamai da sunan da babu shi a rajistar kowa.

Da ka sauka ka huta, ka nemi ofishinmu ka yi rajista a ba ka katin konsila. Muna da jakada a Abuja da ƙaramin ofishi a Kano, a Saudiyya akwai Riyad da Jidda, a Libiya Tarabulus da Sabha, a Aljeriya Aljas da Tamanrasset, haka Akkara, Abijan da Kwatano. Hotuna da kwafin takardunka da ɗan kuɗin da doka ta yanka suke nema, kuma kowane kuɗi ka biya ka karɓi rasit. Mutane na raina katin nan, suna cewa ɓata yini ne. Ni na ga amfaninsa da idona: wanda sunansa ke cikin littafinsu, ranar da fasfonsa ya ɓace ba a tsaya neman shaidu. Ka kuma san shugaban ƴan Nijar na garin, domin sau da yawa shi ofishin ke tambaya ko an san mutum.

Fasfo in ya ɓace, ka fara zuwa wurin ƴan sandan garin su ba ka takardar shaidar ɓata, sannan ka kai ta ofishinmu da hotuna da kwafinka. Za su iya ba ka lesefase, wato takardar komawa gida. Tafiya ɗaya take yi, zuwa Nijar kawai, kuma wa'adinta gajere ne, don haka kada ka karɓe ta sai ka shirya tashi. In kuwa uban gida ne ya riƙe fasfon, musamman ke ƴar uwa mai aikin gida, ki sani dokar Saudiyya ta hana shi riƙewa. Ki kira konsila kafin ki bar gidan in da hali, domin da ya kai rahoton kin gudu, lamarin ya koma wani abu daban.

In aka kama ka, akwai haƙƙin da ya kamata ka haddace. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar konsila, sashe na 36, ta ce in baƙo ya nema, dole hukumar da ta tsare shi ta sanar da ofishin ƙasarsa ba tare da jinkiri ba, kuma ma'aikatan ofishin suna da damar ziyartarsa da taimaka masa ya sami lauya. Nijar, Najeriya, Saudiyya, Aljeriya da Libiya duk suna cikinta. Amma sai ka buɗe baki ka nema, ka kuma maimaita. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba. Ka sani kuma jakada ba ya buɗe ƙofar kurkuku, ba ya soke hukuncin alƙali, ba ya biya maka tara ko bashi. Abin da yake iyawa shi ne ya gan ka, ya sanar da gida, ya bi sawun shari'ar, ya ba ka takardar fita. Ga wanda ke zaune a Shumaisi, gidan tarhil, wato inda ake tsare waɗanda za a kora ƙasarsu, da ke tsakanin Jidda da Makka, takardar nan ita ce komai, don ba a sa mutum a jirgi sai wata ƙasa ta ce nata ne. Haka ma a Libiya, ƙungiyar OIM mai mayar da baƙin haure gida da yardarsu tana buƙatar takardar tafiya daga ofishin ƙasarka.

Ku kuma iyaye da ke gida, in labarin ɗanku ya yanke, ku rubuta wa ma'aikatar harkokin waje a Yamai, ita ce ke kula da ƴan Nijar mazauna ƙetare. Ku sa cikakken sunansa yadda yake a fasfo, ranar haihuwa, lambar fasfo, garin da aka ji shi na ƙarshe da lambar wayarku. Wanda ya kira ya ce a turo jaka kaza zai fito da shi daren nan, ku nemi jin muryar yaron, ku tuntuɓi ofishinmu na ƙasar kafin ku sayar da akuya ko gona. Na ga gidajen da aka cuta haka suna cikin kuka, abin yana ci mini rai.

In rai ya yi halinsa a can, ko da an yi jana'iza a ƙasar, ku dage a karɓo takardar shaidar mutuwa ta bi ta ofishinmu, domin ita kotu za ta nema wajen rabon gado, kuma da ita ake bin haƙƙin mamaci wurin uban gidansa. Yaron da aka haifa a ƙetare, a kai takardar asibiti konsila a yi masa rajista tun yana goye. In kuma kana so ƙanenka ya sayar maka da fili a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi kana can, ka je ofishin ka sa hannu a takardar wakilci a gabansu, su buga hatimi, sannan ka aiko ta ainihin, ba hotonta ba.