Yadda Ake Daidaita Muƙaman Hafsoshi a Yaƙin Duniya na Biyu

Mai karanta tarihin yaƙin 1939 zuwa 1945 yakan ɗauka Manjo-Janar na Jamus daidai yake da na Amurka tunda suna ɗaya. Ba haka ba ne. Suna yaudara yake yi, matakin tsani ake ƙirgawa.

A fara da samun ma'auni. Mafi sauƙi shi ne na ƙungiyar tsaro ta NATO, wanda ya jera hafsoshi daga OF-1 zuwa OF-10. Bayan yaƙin aka tsara shi, amma yana aiki. Kanar ne OF-5, kuma daga kansa ya kamata a soma ƙirga sama da ƙasa, domin kusan kowace runduna tana da shi: Oberst a Jamus, Polkovnik a Tarayyar Sobiyet, Taisa a Japan.

Daga nan a raba sojan ƙasa da na ruwa. Kyaftin na ruwa Kanar ne, ya ɗara Kyaftin na ƙasa da mataki uku. Kwamanda daidai yake da Laftanar-Kanar, Laftanar-Kwamanda da Manjo, shi kuwa Laftanar na ruwa shi ne tsaran Kyaftin na ƙasa. Faransa da Jamus galibi da girman jirgi suke raɗa sunan: capitaine de vaisseau ko Kapitän zur See Kanar ne, capitaine de corvette ko Korvettenkapitän Manjo. Japan ta huta da wannan wahala, suna ɗaya ne a ƙasa da ruwa, sai a sa Rikugun (sojan ƙasa) ko Kaigun (sojan ruwa) a gaba.

Wajen janar-janar ne ake yawan tuntuɓe. Sojan ƙasa na Jamus ba su da Birgediya, daga Kanar sai Generalmajor. Saboda haka kowane suna ya sauka mataki ɗaya: Generalmajor tsaran Birgediya-Janar na Amurka ne, Generalleutnant tsaran Manjo-Janar, General der Infanterie tsaran Laftanar-Janar, Generaloberst kuma cikakken Janar. Tsanin da Sobiyet ta kafa a 1940 haka ya fara, daga Manjo-Janar. Birtaniya tana da Birgediya, amma ba ta lissafa shi cikin janar-janar, Amurka kuwa tana lissafa nata. Kada a dogara da ƙirga anini a kafaɗa: général de brigade na Faransa taurari biyu yake sawa, na Amurka ɗaya. Wannan bambanci yana nan har yau tsakanin sojan Nijar da ya gaji tsarin Faransa da na Najeriya da ya gaji na Birtaniya.

Idan tsani ya rikice, a duba abin da mutum yake jagoranta: bataliya, birged, ko babbar runduna, da yawan dakarunta. A nan ma da tarko, domin abin da Sobiyet ke kira armiya sau da yawa bai kai girman mai irin wannan suna na Amurka ko Jamus ba.

Muƙami daban, iko daban. Ranar 1 ga Satumba 1944 aka naɗa Montgomery na Birtaniya Fil Mashal, muƙamin da ke sama da cikakken Janar, alhali shugabansa Eisenhower na Amurka yana da taurari huɗu, wato cikakken Janar. Sai a Disamba 1944 Amurka ta ƙirƙiro muƙami mai taurari biyar, ta ba Marshall, MacArthur, Eisenhower da Arnold a ƙasa, Leahy, King da Nimitz a ruwa. Duk tsawon watannin nan Eisenhower ne ke ba da umarni.

Sai a duba kwanan wata da kuma ko muƙamin na riƙo ne. A Fabrairu 1943 Eisenhower ya zama cikakken Janar na wucin gadi, muƙaminsa na dindindin kuwa Laftanar-Kanar ne a lokacin. Takardu biyu za su iya kiransa da suna biyu, kowace ta yi daidai. Su kansu masu yaƙin sai da suka yi wannan lissafi, domin Yarjejeniyar Geneva ta 1929 ta wajabta wa ƙasashen da suka amince da ita musayar jerin muƙamansu, don a yi wa hafsoshin da aka kama fursuna mu'amala iri ɗaya gwargwadon matsayinsu.