Ƙugi da ƙwanƙwasa a sabuwar mota: kurakuran da aka fi yi wajen gano tushen ƙarar

Mutum ya sayi mota sabuwa dal, ko tokumbo da ta sauko daga Kwatano ko Legas makon jiya. 'Yan uwa ba su gama yi masa "Allah ya tsare" ba, sai ya fara jin wani ƙugi, zuuu, duk lokacin da ya hau babban titi, ko wani gwaf daga ƙasa idan taya ta faɗa rami. Ya nufi gareji. Aka girgiza motar sau biyu, aka ce masa, "Alhaji, boris ne." Aka sayo aka ɗaura, ƙarar tana nan daram. Washegari aka ce shokazoba. Kafin wata ya ƙare an cire kayan asali masu lafiya an maye gurbinsu da na kasuwa, ƙarar kuma ba ta je ko'ina ba. Wannan asara ce da za a iya kauce mata, kuma kusan kullum daga kuskure ɗaya take farawa.

Kuskuren shi ne tambayar "daga ina ƙarar take?" kafin a tambayi "yaushe take zuwa?" Jikin mota ƙarfe ne a haɗe, yana ɗaukar sauti daga wannan ƙarshe ya kai wancan. Boris ɗin baya na hagu zai iya yin kuka, direba ya rantse daga gaba yake ji. Kunne yana ruɗuwa game da wuri, amma ba ya ruɗuwa game da lokaci. Saboda haka kafin a taɓa sifana, a nemi titi mai santsi wanda babu cunkoso, a kashe rediyo da na'urar sanyaya, a rufe gilasai, a ɗauki mutum ɗaya ya zauna a baya yana saurare. A kai motar gudun da ƙarar ta fi fitowa, galibi tsakanin kilomita 50 zuwa 90 a awa. Sai a ɗage ƙafa daga totur, a sa giya a firi na 'yan daƙiƙu. Idan juyin inji ya sauka amma ƙugin bai canza ba, to yana bin gudun taya ne: taya, boris, shaf ko haƙoran aksil. Idan ya ragu tare da inji, a bar ƙafafu a huta, matsalar tana ƙarƙashin bonet. A nan sai a tsaya, a ba inji wuta a tsaye a saurara: altaneta, fulin da bel ke bi ta kai, ko famfon sitiyari da mansa ya yi ƙasa, wanda kukansa ke ƙaruwa idan an murɗa sitiyari har ƙarshe.

Kada a kashe inji ana cikin tafiya don wai a ji ƙarar sosai. Birki zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ya yi nauyi, a wasu motocin ma ya kulle.

Ƙarar da ba ciwo ba ce

Yawancin masu sabuwar mota daga tsohuwa suka fito, wadda hayaniyar injinta ke rufe komai. Sabuwa ba ta da hayaniya, don haka ake jin abubuwan da dama can aikinsu suke yi. A motoci da yawa, da ka murɗa makulli kafin ka tayar, za ka ji ɗiii na daƙiƙa biyu ko uku daga wajen kujerar baya: famfon fetur ne a cikin tanki yake tura mai. Da mota ta fara motsawa bayan an tayar da ita, za a iya jin ɗan gurnani ko ƙwas sau ɗaya daga gaba, na'urar ABS, mai hana taya kullewa idan an taka birki, ce take gwada kanta, kuma ba za ta sake ba sai an kashe an sake tayarwa. Fankar lagireto kan ci gaba da juyawa bayan an kashe inji a wasu motocin. Akwai ma wanda ya fi tayar wa mutane hankali: Toyota da aka ƙera don kasuwar Amurka, irin su Camry da Corolla, sukan yi ƙugi daga ƙasa na 'yan mintuna kimanin awa 5 bayan an kashe su. Mai gida ya fito tsakar dare ya tarar da mota a kulle tana gunji ita kaɗai. Wani ƙaramin famfo ne yake duba ko tururin fetur yana zurarewa daga tanki, kuma an rubuta haka a littafin motar. Littafin nan da ake jefawa a aljihun gaba ba a buɗewa, ya kamata a karanta shi kafin a je gareji.

Haka gwaf ɗin da ake ji idan an cire giya daga P a kan gangara. Direba ne ya bar nauyin mota gaba ɗaya a kan ɗan haƙorin da ke kulle giya. Gyaransa a hannun direba yake: taka birki, ja birkin hannu, bari mota ta zauna a kansa, sannan ka sa P.

Taya ko boris

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi, domin kukansu kusan iri ɗaya ne, kuma a sabuwar mota taya ta fi boris yawan laifi nesa ba kusa ba. A fara da iska. Ana yi wa motoci iska fiye da ƙima kafin a loda su a jirgin ruwa don kada tayoyi su kwanta saboda doguwar tsayuwa, kuma sau da yawa ba a ragewa. Mai faci ma idan ba ka tsaya a kansa ba zai ɗura 45 ko 50 a ma'aunin iska na PSI. Lambar 44 ko 51 da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ake so a kai ba. Ma'aunin gaskiya yana kan takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a ƙananan motoci galibi tsakanin 30 zuwa 35, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗauki zafi. Taya mai iska da yawa tana ƙugi, tana kuma mayar da kowane ɗan tsakuwa ya zama bugu a kunne.

Sannan a duba irin tayar. Tokumbo da ta fito daga Kanada ko arewacin Turai takan zo da tayar hunturu, za ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa a gefenta. Zanenta mai zurfi da tsaga-tsaga ne, a kan kwalta mai zafi kuka take yi, kuma tana saurin cinyewa. A duba shekarunta kuma: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba idan ta tsufa tana bushewa ta yi tauri ko da zanen bai taɓu ba. Motar da ta yi watanni a tsaye a tashar jirgi kuma takan yi dum-dum-dum a farkon tafiya saboda wurin da tayar ta kwanta, wannan yakan baje da kansa idan taya ta yi zafi a doguwar tafiya.

Sa tafin hannunka a kan tayar, ka shafa gaba ka shafa baya, musamman gefen ciki da ido ba ya gani. Idan hannu ya zame lafiya ta ɓangare ɗaya amma ya riƙa karo da kaifi kamar haƙorin zarto ta ɗayan, ko ka ji tudu da kwari, tayar ta ci ba daidai ba, ita ce mai kukan. Gwajin da ke raba gardama kyauta ne: a mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba. Idan ƙarar ta bi su ta canza wuri, an gama magana. Abin da ya rage shi ne a gyara alaimen, in ba haka ba sabuwar tayar ma haka za ta ci. Wata alama kuma, ƙugin taya yana canza murya idan an tashi daga sabuwar kwalta zuwa tsohuwa mai kaushi. Na boris bai damu da irin titi ba.

Boris nauyi yake ji. A titin da babu kowa, a gudun kilomita 60 ko makamancin haka, karkata sitiyari hagu a hankali sannan dama. Idan ka karkata hagu, nauyi kan ɓangaren dama yake komawa, don haka idan ƙugin ya ƙaru a lokacin, boris ɗin dama ake zargi. Zargi ne kawai, domin boris na zamani layi biyu ne na ƙwallaye a ciki, wani lokaci yana ba da amsa a juye. Tabbatarwa sai an ɗaga motar, an tokare ta da ƙarfen tokara, ba jak kaɗai ba. Riƙe sifirin ɗin ƙafar da hannu ɗaya, wani ya juya tayar da ƙarfi. Boris mai lafiya ba za ka ji komai ba, wanda ya lalace za ka ji gurzawa tana ratsa yatsunka kamar ana niƙa yashi. Kuskuren da makanikai da yawa ke yi shi ne su girgiza taya, in ba ta yi lilo ba su ce boris lafiya lau. Boris yakan yi dubban kilomitoci yana kuka kafin ya fara lilo.

Idan ya tabbata shi ne, a kula da yadda za a sa sabon. Da injin matsa ake shigar da shi, ba da guduma ba, bugu ɗaya ya isa ya lotsa hanyar ƙwallayen ya dawo da kukan cikin 'yan makonni. Wasu suna da zoben maganaɗisu a fuska ɗaya don ABS, idan aka juya shi waje fitila za ta kama a dashbod. Babban notin shaf kuma yana da ma'auninsa a littafin gyara, ba tsayawa ake yi a kan bututu ana tsalle ba.

Ƙwanƙwasa

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Fitar da komai daga but, ka tabbatar safaya a ɗaure take da notinta, jak da sifanar taya suna mazauninsu. Duba notocin taya huɗun nan: a Corolla da Camry ƙarfin ɗaure su 103 ne a ma'aunin Nm, ana ɗaure su a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen. Leƙa cikin sifirin ɗin gaba. Wasu kamfanoni, musamman na Turai, suna cusa robobi masu tauri a ƙafafun mota don kada ta yi tsalle a kan tirela, dila ne ya kamata ya cire su kafin ya miƙa makulli, kuma akan manta. Motar da aka bar mata su tafiya take kamar amalanke. Buga salansa da gefen hannu bayan ta huce, ka ji ko tana taɓa jiki ko wani faranti ya saki.

Daga nan sai a koma ga tambayar lokaci. Ƙwal-ƙwal mai sauri a kan hanyar gargada, ana tafiya a hankali, musamman idan taya ɗaya ce ta hau tudu, mafi yawanci linkej ne, ɗan siririn sandan da ke haɗa ƙarfen hana tangaɗi da ƙafa, ko kuma robobin da ke riƙe ƙarfen. Kaya ne mai araha, amma shi ake bari a sayi shokazoba biyu. A kwance shi, a ɗaure gefe da waya, a bi ta kan ramin nan dai a hankali, in ƙarar ta ɓace an kama ɓarawo. Shokazoba ba a yanke mata hukunci sai an ga mai yana gangarowa a jikinta ko mota tana ci gaba da rawa bayan ta wuce tudu. Ɗan danshi a samanta ba komai ba ne.

Da mota a ɗage, kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In akwai lilo, wani ya taka birki ka sake: ya ɓace, boris ne, bai ɓace ba, boljoyin ne. Kama ta hagu da dama, lilo a nan na tayarod ne ko rak ɗin sitiyari. Boljoyin da tayarod ba a ɗaga musu ƙafa ko na kwana ɗaya. Boljoyin idan ya fita, taya kwanciya take yi ƙarƙashin mota ana cikin gudu.

Ƙas-ƙas-ƙas a lokacin da aka murɗe sitiyari har ƙarshe ana zagaye a fili, kan shaf ne na waje, leƙa za ka ga robarsa ta yage, giris ya fantsama a cikin wili, yashi ya shiga. Gwaf ɗaya idan an sa D ko R, ko an taka totur da sauri, a duba mazaunin inji: a ja birkin hannu, a danne birki, a sa D a ɗan taɓa totur, mai kallo ya tsaya a gefe, ba a gaban mota ba, ya ga ko inji yana ɗagowa. A Hilux da ire-irenta masu farfela, wato dogon shaf da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, bugun da ake ji kamar an taɓa ka ta baya daidai lokacin tsayawa ko tashi yawanci rashin giris ne a wurin da farfelar ke zamewa, akwai bakin ɗura giris a jikinta. Idan kuma motar tana gurnani tana ƙin juyawa a kwana, duba ko an bar ta a 4H, giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, a kan kwalta. Na yashi da laka ne.

Duk robar ƙafa da aka canza, kada a ƙarasa ɗaure notinta mota tana rataye. Sai an sauke ta nauyinta ya zauna a kan tayoyi, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna, ta yage da wuri.

Mai mota sabuwa dal da ke da garanti, wanda galibi shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk abin da ya wuce iska, notin taya da kayan but, kada ya bari a kwance masa a bakin titi, domin hakan zai iya ba kamfani hujjar ƙin biyan gyaran wannan ɓangaren. Ya ɗauki sautin da waya, ya rubuta gudun da ƙarar ke zuwa, da irin titin, da ko inji na da sanyi ko zafi. Ya nemi makanikin kamfanin ya shiga motar su fita tare har ya ji da kunnensa, sannan ya tabbatar an rubuta ƙorafin a takardar aiki da kwanan wata da adadin kilomita, ya karɓi kwafinsa ko da sun ce ba su ga komai ba.