Yadda Za Ka Yi Idan Manhajar Hana Maguɗi Ta Hana Ka Buga Wasa Daga Nesa

Kwamfuta tana kunne a ɗaki, kai kuma kana falo da laftof, ka haɗa su ta Parsec ko Moonlight, manhajojin da ke kawo maka allon wata kwamfuta daga nesa. Hoto ya fito garau, linzami yana motsi. Kana buɗe wasan sai linzamin ya ƙame, ko allo ya yi baƙi ƙirin alhali sauti yana tashi. Kada ka ɗora wa intanet laifi tukuna. Sau da yawa aikin manhajar hana maguɗi ne.

Vanguard na kamfanin Riot, wanda ya zo tare da wasan Valorant a 2020, da Easy Anti-Cheat da BattlEye, duk suna aiki ne can cikin ƙashin Windows. Abu biyu suke farauta: manhajar da ke cusa kanta cikin wasa, da motsin linzami da bai fito daga hannun mutum ba. Abin takaicin shi ne, manhajar da ke kai maka wasa nesa ma ita ke motsa linzamin a madadin hannunka, sai a yi mata kuɗin goro da masu maguɗi.

Da farko ka gano me aka tare, hoto ko motsi. Rufe wasan, ka gwada allon Windows daga nesa. Sannan ka buɗe wani wasa da ba ya amfani da irin wannan manhaja. Idan shi ya yi lafiya, ka san inda gizo ke saƙa.

Idan hoto ne, da sauƙi. Idan kana amfani da OBS, manhajar ɗaukar hoton allo da yaɗa shi, zaɓin Game Capture yana kutsawa cikin wasan don ya ɗauko hoto, shi ya sa ake korar sa. Koma Display Capture ko Window Capture, waɗanda ke ɗaukar abin da ke kan allo ba tare da sun taɓa wasan ba. A cikin wasan kuma ka sauya daga cikakken allo zuwa taga marar baki (borderless window). Destiny 2 ba ya yarda da Game Capture sam. Counter-Strike 2 yana yarda idan ka sa -allow_third_party_software a wurin umarnin buɗe wasa na Steam, manhajar saye da buɗe wasanni, amma hakan na iya rage amincin da Valve, kamfanin da ya yi wasan, ke ba asusunka, don haka ni na fi son a bar shi.

Idan motsi ne, duba izini kafin komai. Windows ba ta barin ƙaramar manhaja ta aika umarni ga wadda aka buɗe da ikon mai gudanarwa (administrator). To idan wasan yana da wannan ikon, ka ba Steam ko Sunshine (manhajar da ke aika wa Moonlight hoto daga kwamfutar da wasan ke kai) irinsa, ka sake kunna kwamfutar. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa.

Bai yi ba? Gwada abin wasa na hannu a madadin linzami. Sunshine yana nuna wa Windows shi kamar na Xbox ta hanyar wata ƙaramar manhaja mai suna ViGEmBus, kuma wasanni da dama da ke ƙin linzamin nesa suna karɓar wannan. Ka tabbata an girka ViGEmBus a kwamfutar da wasan ke kai, ba wadda ke hannunka ba.

Valorant kam sai haƙuri. Vanguard yana toshe linzamin da manhaja ke motsawa, kuma da gangan aka yi shi haka. Idan ka rufe Vanguard, wasan ba zai buɗe ba sai ka sake kunna kwamfuta. Za ka ga ana tallan wasu 'yan manhajoji da ke ɓoye motsin don ya yi kama da na gaske. Don Allah ka guje su. Riot yana iya dakatar da kwamfutar kanta, ba asusu kaɗai ba, kuma ina jin zafin ganin mutum mai gaskiya ya yi asarar shekarun da ya zuba a wasa saboda yana son buga shi a kan kujerar falo.

Idan duk a cikin gida ɗaya ne, nemi doguwar wayar HDMI da ta USB mai ƙara ƙarfin sigina, ka ja su zuwa talabijin, ka jona linzami da allon madannai a can. A wurin kwamfutar, hannunka ne kai tsaye ke motsa su, don haka Vanguard ba ya da abin da zai tare.