Yadda ake ƙara wa shasin a-kori-kura tsawo ba tare da an lalata motar ba

Nan Gombe mutane da yawa na son ƙara wa bodin Hilux tsawo, musamman wanda ya sayi mai ƙofa huɗu ya ga bayan ba ya cin kaya. Ana yi kam, amma dan Allah ɗan'uwa ka sani tsawo kawai zaka ƙara, ƙarfi na nan yadda yake, aksul da sifirin da burki duk na da ne, kuma wajen tan ɗaya aka ƙera ta ta ɗauka. In katako ne ko kwanon rufi ko harawa kake ɗauka toh aikin zai maka rana, in kuma so kake ka ƙara buhunan masara daga Tudun Hatsi gara ka nemi motar Kanta.

Inda ake yankawa shi ne komai. Wasu masu walda sai su jona ƙarfe a wutsiya bayan taya saboda ya fi sauƙi, sai kaya ya zauna bayan aksul, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu, wallahi wannan hatsari ne. Wurin da ya dace shi ne miƙaƙƙen wurin da ke tsakanin kan mota da inda sifirin ya kama, nesa da ramuka da lanƙwasa.

A sauke bodi, a cire tankin mai gaba ɗaya a kai shi nesa, a cire kan batir da soket ɗin birenbos, wato kwamfutar motar, kar wutar walda ta ƙona shi. A ɗora motar kan ƙafafun ƙarfe a daɓen siminti mai lebur, ba kan duwatsu a turɓaya ba. Kafin gurenda ta taɓa ƙarfe a buga alama gaba da bayan wurin yanka a duk ɓangarorin biyu, a auna tsawo, a auna a gicciye daga hagu zuwa dama da dama zuwa hagu, a rubuta, sannan a ɗaure ɓangarorin da angul na wucin gadi kar su buɗe.

Kar a yanka a tsaye ɗoɗar, a yi shi a karkace kamar digiri 45 ko siffar Z don nauyi ya bazu. Guntun da za a saka ya fi kyau a samo shi daga mataccen shasi irin nata wajen 'yan gwangwan, kauri ɗaya, faɗi ɗaya. A fere bakin da gurenda, a ɗan ɗiga walda a riƙe, a sake awon gicciyen nan, sai ya yi daidai tukun a ci gaba, ana yin kaɗan a wannan gefe a koma wancan don zafi kar ya murɗe shi. Ka ce wa mai walda ya sa sandar walda mai lamba 7018, ba 6013 da ake ƙofar gida da ita ba. A zura ƙarfe a ciki ya haye mahaɗin, a waje kuma a manna faranti mai tsinin baki biyu. Kuma kar ka bari yaron shago ya watsa ruwa wai ya huce da wuri, ƙarfen gautsi zai yi, a bar shi ya huce da kansa.

Sauran aikin furofela ce, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa aksul ɗin baya, ita ma sai ta ƙara tsawo, a kai wa masu injin da ke daidaita ta, kuros, wato gaɓoɓinta, na gaba da na baya su kalli layi ɗaya, in ba haka ba motar zata riƙa kakkarwa tana cin santa-boris, wato boris ɗin da ke riƙe tsakiyar furofelar. Bututun burki a sa sabo dogo, ba a masa walda, a fitar da iska bayan an haɗa. Sai bututun mai, waya, kebul ɗin hambirki da salansa.

A shafa fenti, ka leƙa ofishin VIO su duba ta, ka gwada ta ba kaya tukun saboda yanzu kwana sai ka buɗe mata sosai, cikinta kuma zai fi saurin taɓa tudu a hanyar ƙauye. Bayan lodin farko ka shiga ƙarƙashi da tocila ka duba gefen waldar, in ka ga siririn layin tsatsa toh tsagewa ce ta fara, ka sauke kaya ka koma gareji.