Yadda nake koya wa kare tseren tsallake shinge

Kafin ka nuna wa kare ko sanda ɗaya, ka tabbata yana zuwa da zarar ka kira shi. A filin gasa babu igiya, babu nama a hannu, kuma ba a yarda ka taɓa shi ba. Muryarka da motsin jikinka kaɗai zai bi.

Ni daga bututu nake farawa, wato wanda kare ke shiga ta baki ɗaya ya fita ta ɗayan. Sai in gajarta shi har karen ya hango ni ta ɗaya bakin, yana fitowa in ba shi lada nan take. Tsalle kuwa, a ƙasa nake ajiye sandar ya riƙa ƙetarawa. Kada ka ɗaga ta sosai sai ya wuce shekara, don ƙashin kwikwiyo bai gama ƙwari ba. A Ingila ma, inda aka fara nuna wasan a bikin baje kolin karnuka na Crufts na 1978, sai kare ya kai wata 18 yake shiga gasa.

Sanduna 12 da yake ratsawa yana zilliya su ne masu cin lokaci. Dole ya shiga sandar farko tana kafaɗarsa ta hagu. Fara da biyu kacal, in ya ƙware ka ƙara biyu. Minti biyar ya isa a kowane horo, ku tashi tun yana marmari.